Fim ɗin yaƙi tarihi ne ko tatsuniya? Gardamar da Ertugrul ya jawo mana a guruf

Baban Sadik: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah ku taya ni da wannan, jiya bayan isha'i muka kusa raba hali da yarona Sadik, wai shi lallai Ibnul Arabi malamin Ertugrul na fim ɗin Turkiyya ne, duk sanda Ertugrul ya shiga tsaka mai wuya sai malamin ya ɓullo masa da addu'a. Na ce a wane littafi ka gani, ya ce Baba ai a fim ɗin aka nuna, har yana faɗa min kashi na nawa ne. To ni ba wannan ne ya ƙona min rai ba, ce masa na yi waye sarkin Kano ranar da Turawa suka shigo garin nan, sai yaro ya hau sosa ƙeya, ɗan aji biyar fa a sakandare, haifaffen Gwammaja. Ya san abokan Ertugrul ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan ajinsu amma bai san Alu ba. Wai masu fim ɗin yaƙin nan dole ne su faɗi gaskiyar tarihi ko kuwa kowa ya yi abin da ya ga dama tunda nishaɗi ne?

Ɗan Fagge: Hhhhh Baban Sadik ƙyale yaro ya sha iska, mu ma haka aka yi mana. Wallahi har na yi gemu ina ɗauka Amurka ce ta ci yaƙin Biyetnam saboda Rambo, mutum ɗaya ko riga babu ya ƙarar da bataliya guda harsashinsa ba ya ƙarewa, muna cikin sinimar Plaza muna ihu muna tafi. Sai daga baya nake ji a rediyo ashe tattara komatsansu suka yi suka fice a 1973, a 1975 Saigon ta faɗi ana kwasar mutane da jirgi mai saukar ungulu daga saman bene.

Maman Ilham: Ni dai gaskiya ku bar min Ertugrul. Da yarana su zauna kallon rawa da waƙa ana karairaya gara su ga mutanen da suke sallah suna girmama iyaye, ko ƙarya ce ai ƙarya mai amfani ce.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Hajiya ban ƙi ta taki ba amma bari mu fara ajiye abin da aka sani. Ertugrul mutum ne da aka yi, shi ne mahaifin Usmanu wanda daular Usmaniyya ta ci sunansa, akwai tsohon kuɗi da aka buga a zamanin Usmanun da sunan ubansa a jiki, kabarinsa yana garin Sogut, ya rasu wajajen 1280. To kusan nan ilimin ya tsaya. Ko sunan mahaifinsa ma masana ba su haɗu ba, wasu su ce Sulaiman Shah kamar yadda fim ya ɗauka wasu su ce Gunduz Alp. Shi kuwa Ibnul Arabi an haife shi a Andalus 1165 ya rasu a Dimashƙa 1240, ya zauna a yankin Turkiyya ta yau na wani lokaci, wannan gaskiya ne, amma babu wani tsohon littafi da ya kawo haɗuwarsu. Yanzu ku lissafa, gidan talabijin na gwamnatin Turkiyya TRT ya yi kashi 150 daga 2014 zuwa 2019, kowane kashi wajen awa biyu, a kan mutumin da tabbataccen tarihinsa bai cika shafi biyu ba. Ragowar daga ina ya fito? Daga kan marubuci.

Maman Ilham: To Malam laifi ne?

Malam Habu: Ba laifi ba ne in mai kallo ya san ƙirƙira yake kallo. Matsalar ita ce Sadik bai sani ba.

Alhaji Na Kurmi: Ku yaran yanzu ba ku ga fim ba. Fim shi ne Umar Mukhtar, jarumin Libiya da ya yaƙi mulkin mallakar Italiya, lokacin da kaset ɗinsa ya zo garin nan gidan da yake da bidiyo cika yake har soro, na ga dattijo da furfura yana share hawaye wajen da aka rataye shi. Wannan kam ba wanda zai ce min ƙarya ne.

Malam Habu: Ranka ya daɗe Alhaji, wannan yana cikin waɗanda suka fi kusa da gaskiya. An rataye Umar Mukhtar ranar 16 ga Satumba 1931 a Suluƙ a gaban dubban mutanen da aka tara dole su kalla, sansanonin da aka tsare jama'a gaskiya ne, wayar ƙaya da Janar Graziani na Italiya ya ja a iyakar Masar don ya yanke musu taimako ita ma gaskiya ce. Har Italiya ta hana nuna fim ɗin, sai a 2009 aka haska shi a talabijin a can. Amma shi ma fa da mai shi, kuɗin gwamnatin Gaddafi ne ya yi shi, Mustafa Akkad ya ba da umarni. Ba na cewa hakan ya mai da shi ƙarya, cewa nake ko wane fim ɗin yaƙi ka gani akwai wanda ya zuba kuɗi kuma akwai abin da yake so ka tashi da shi a ranka.

Ɗan Fagge: Kuma Alhaji ka yi haƙuri, hoton tsohon nan mai tabarau da kake sawa a sitatus kana rubuta Allah ya jiƙan Umar Mukhtar, Anthony Quinn ne fa, haifaffen Meziko, ko musulmi ba ne ba 😂

Alhaji Na Kurmi: Kai ɗan nan ba ka da kunya. To addu'ar dai ta san inda za ta.

Injiniya Bash: Ni a ganina ana cakuɗa abu biyu ne. Akwai cike giɓi akwai kuma sata. In tarihi ya yi shiru marubuci ya cike da tunaninsa ba ni da ja, ai ba wanda ya naɗi hirar da sarki ya yi da matarsa da daddare. Amma abin da aka sani ƙarara ka juya shi wannan sata ce. Misali U-571 na shekarar 2000, aka nuna sojojin ruwan Amurka ne suka ƙwato na'urar sirrin Jamus Enigma daga jirgin ƙarƙashin teku, alhali 'yan Ingila ne suka yi wannan a watan Mayu 1941 daga jirgin U-110, lokacin Amurka ko shiga yaƙin duniya na biyu ba ta yi ba sai Disamba. Sai da maganar ta je majalisar Ingila firaministan lokacin Tony Blair ya nuna ɓacin ransa. Ko Braveheart, yaƙin gadar Stirling na 1297 tsakanin Sikotlan da Ingila da gadar ce ma ta sa aka ci nasara saboda ƙuncinta, a fim ɗin ba gada ba kogi fili ne fetal.

Ɗan Fagge: Kamar ka yi fim ɗin Dala ba dutse kenan.

Injiniya Bash: Yauwa. Sannan Black Hawk Down, faɗan Mogadishu na Oktoba 1993, sojojin Amurka 18 da suka mutu kowa da sunansa da matarsa da wasiƙarsa, Somaliyawa kuwa ɗaruruwa suka mutu amma a fim ɗin kamar fara suke, ba suna ba uwa ba uba suna ta faɗuwa kawai. Kuma motocin sulken Malesiya da tankokin Pakistan ne suka shiga suka fito da su har sojan Malesiya ya rasa ransa, a fim ɗin da ƙyar za ka lura da su.

Ummi Yakasai: Tunda an zo nan bari in yi magana don abin ya daɗe yana cina. Kakana na wajen uwa ya je yaƙin Burma, muna yara in ya zauna a soro yana ba da labarin daji da ruwan sama da ba ya ɗaukewa da matsattsaku da suke maƙale musu a ƙafa da yadda suke ɗaukar kaya a ka cikin tsaunuka inda mota ba ta shiga, mu dariya muke muna ganin tsufa ne, har yara a unguwa suna tsokanarsa suna ƙamewa suna sara masa. Na girma na kalli finafinan yaƙin duniya na biyu ba adadi, ban taɓa ganin mai kama da shi ba ko ɗaya, wallahi har na fara zargin ko ƙari yake yi Allah ya yafe min. Ya rasu ban taɓa zama na tambaye shi da gaske ba.

Malam Habu: Allah ya jiƙansa Ummi, ba ƙari yake ba. Runduna biyu aka kwasa daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, 'yan Najeriya ne suka fi yawa a ciki kuma da yawansu daga Arewa, har Hausa ce harshen bariki a lokacin, Turawan hafsoshi sai sun koye ta. Sun yi faɗa da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka karɓi Myohaung a Janairu 1945. In kina neman shaida dubi sunayen barikokinmu, Myohaung da Arakan a Legas, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, duk daga yaƙin Burma suka samo suna. Mutum zai wuce ta gabansu kullum bai san me sunan yake nufi ba, kamar yadda muke wuce barikin Bukavu nan Kano ba ma tuna sunan gari ne a Kwango inda sojojinmu suka yi aikin kiyaye zaman lafiya.

Injiniya Bash: Kin ga irin wannan ƙaryar ta fi ta maɓallin riga ciwo. Akwai masu zama su ƙirga cewa tankar da aka nuna ƙirar 1944 ce alhali labarin na 1942 ne, ni wannan bai dame ni ba sosai. Fim zai iya daidaita kowane maɓalli da kowace bindiga amma ya share mutum dubu goma daga filin daga. Dunkirk na 2017 kowa ya yaba yadda ya yi kama da gaske, amma sojojin Indiya masu kula da alfadarai da suke wurin ba su fito ba.

Malam Habu: Kuma fim yana iya gyara ɓarna in an so. Indigènes na 2006 a kan sojojin Aljeriya da Maroko da suka yi wa Faransa yaƙi, bayan fitarsa gwamnatin Chirac ta ƙara wa tsofaffin sojojin ƙasashen da suka mallaka kuɗin fansho. Usman Sembene na Senegal shi ma ya yi fim a kan barikin Thiaroye na ƙasarsu inda Faransa ta buɗe wa sojojinta baƙaƙe wuta ranar 1 ga Disamba 1944 don sun nemi haƙƙinsu.

Abba Kwalisa: Ni wanda ya fi ba ni haushi Tears of the Sun, wai Najeriya ce, Fulani sun yi juyin mulki suna bin mutane suna yankawa sai Bruce Willis ya zo ceto, dajin ma a Hawaii aka ɗauka. Labarin ƙirƙira ne daga farko har ƙarshe amma wanda bai taɓa zuwa nan ba shi kenan hoton da zai riƙe.

Maman Ilham: To ai namu ma da suka yi Amina a Netflix ba su kyauta ba, sarauniyar Zazzau tana zuba Turanci, kayan jikinsu kuwa ni ban san na wace ƙabila ba ne.

Malam Habu: Amina ita ma kusan matsalar Ertugrul ce, abin da aka rubuta a kanta kaɗan ne. Littafin Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, ta shekara 34 tana yaƙi. Sarkin Musulmi Bello shi ma ya kawo ta a Infaƙul Maisuri. Wasu masanan kuma suna kai ta ƙarni na 16, kun ga ko zamaninta ba a daidaita ba. Don haka labarin soyayya ko makircin fada da suka saka ban tsananta ba. Inda ba uzuri shi ne kayan yaƙi da sutura da yadda ake gaisuwa a fada, don waɗannan an san su. Tarihin Kano ya ce Kanajeji ne ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali, kakaki kuwa zamanin Rumfa. Ko hawan sallah ɗaya mutum ya tsaya ya kalla a Ƙofar Kudu ya ga 'yan lifida da 'yan sulke ya isa ya gyara rabin kuskuren.

Mai Kamara: Ina ta karantawa na yi shiru amma bari in kare sana'ata. Kowa cewa yake me ya sa 'yan Kannywood ba sa fim ɗin tarihi sai soyayya da kishiya, to ku zo lokeshan kwana ɗaya ku gani. Mun taɓa gwada wani na zamanin da, doki goma kawai muka nema, kowane doki da mai shi da abincinsa da kuɗin motar da za ta kai shi, lifidi sai ka bi ta gidan sarauta an ara maka kana rawar jiki kar ya yage, ka samu ƙauyen da ba rufin kwano ba turken wuta ba eriyar waya ba baƙar leda tana yawo a iska, ka tara mutum ɗari ka ciyar da su sannan a wajen tacewa ka hango wani barde da agogo a hannu wani dakare da silifas ɗan madina. Furodusa ya ga kuɗin da ya isa ya yi kashi ashirin na fim mai dogon zango a falo ɗaya ya ƙare a fage uku, ya ce a tsaya. Su Turkiyya gwamnati ce a bayansu, mu waye a bayanmu?

Injiniya Bash: Uzurin kuɗi na karɓa rabi. Amma ko an ba ku kuɗin za ku iya faɗar gaskiya?

Mai Kamara: Gaskiyar me?

Malam Habu: Bari in amsa masa da tambayar da Baban Sadik ya yi wa ɗansa. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya iso Kano bayan ya fasa Bebeji a hanya. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da mafi yawan mayaƙansa, Sarkin Shanu aka bari da tsaron gari kuma a nan ya rasu yana kare gidan sarki. Igwa ta kasa fasa badala, sai ta Ƙofar Kabuga suka samu shiga. To ga inda fim zai yi wuya, Turawan da ke cikin rundunar ba su kai 50 ba, sauran ɗaruruwan baƙaƙe ne irinmu, da yawansu Hausa suke ji, su suka riƙe bindiga mai ruwa su suka hau ganuwa. A hanyar dawowa daga Sakkwato Alu ya rabu da rundunarsa da dare, aka kama shi daga baya aka kai shi Yola sannan Lakwaja inda ya rasu a 1926. Waziri Ahmadu ya ja waɗanda suka zaɓi faɗa ya yi shahada a Kwatarkwashi. Wambai Abbas ya dawo da ragowar jama'a gida aka naɗa shi sarki. Su ukun nan 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi ne, uba ɗaya, kowa da hanyar da ya ɗauka. Ku faɗa min wane marubucin Turkiyya ne yake da labari kamar wannan a hannunsa? Amma wa zai ɗauka a garin nan ya kwana lafiya?

Jikan Barde: Malam a nan kam ban bi ka ba. Yadda ka faɗa sai ka ce Sarki Alu guduwa ya yi, mu a gidanmu abin da muka ji hijira ya nufa zuwa gabas kamar yadda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi har aka tare shi a Burmi a watan Yulin shekarar. Kuma labarin naka ai daga takardun Turawa ne, wanda ya ci yaƙi shi ya rubuta.

Malam Habu: Ban ce gudu ba ɗan'uwa, cewa na yi ya rabu da runduna, wannan kowa ya yarda da shi, dalilin ne ake saɓani. Kuma ka yi gaskiya rahoton Gwamna Lugga ba Alƙur'ani ba ne, yana da dalilinsa na kambama wasu abubuwa don ya gamsar da Landan. Sai dai labarin gidanku ma ba Alƙur'ani ba ne, kowane gida jarumtar kakansa yake riƙewa. Ka ga daga jimla ɗaya har ka taso, to ina ga an haska shi awa biyu da fuskar ɗan wasa.

Mai Kamara: Ai shi ne. Kafin ka gama kashi na ɗaya an kai ƙararka hukumar tace finafinai, wannan ya ce ka zagi kakansa wancan ya ce ka rage wa gidansu daraja. Basasar Tukurawa da Yusufawa ta 1893 a nan Kano ma wa ya isa ya taɓa, ko maganar bayi da ake sayarwa a Kurmi. Muna zagin Turawa sun share mu daga fim ɗinsu, mu ma in aka ba mu kamara akwai waɗanda za mu share.

Jikan Barde: To in haka ne gara a bar shi. Ba komai ake tonawa ba.

Ummi Yakasai: A'a Yaya, barin da aka yi ne ya sa na ɗauki kakana maƙaryaci.

Admin: Jama'a muhawara ta yi daɗi amma don Allah kar a gangara maganar sarautar yanzu, kun san dokar guruf, duk wanda ya saka ta zan goge.

Ɗan Fagge: Admin ko motsi ba mu yi ba ka zaro takobi 😂

Baban Sadik: Na miƙa wa Sadik wayar ya karanta tun daga sama, ya yi shiru can ya ce Baba wannan na Kwatarkwashin akwai fassararsa a YouTube? Na ce babu, ko fim ɗin ba a yi ba. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan kai shi Gidan Makama ya ga sulke da idonsa, daga nan mu biya Kabuga.

Ɗan Fagge: Kabuga kam sai dai ya ga gadar ƙasa da 'yan adaidaita suna rige-rige.

Ummi Yakasai: Malam na sa Umma ta buɗe tsohuwar adakar kakan namu yanzun nan, ga hoto na turo. Akwai wata tauraruwa ta tagulla mai tsini shida da ƙyalle ja a tsakiya gefe shuɗi da ruwan lemo, duk ta yi tsatsa, sai wani ɗan littafi da asu ya ci gefensa.

Malam Habu: Ita ce lambar Burma, ki goge tsakiyar a hankali da busasshen tsumma za ki ga rubutun a zagaye, kar ki sa mata ruwa ko toka. Littafin kuma ina zaton na sallama ne daga soja, ɗauko min shafin farko da na biyu a wuri mai haske, lambarsa da bataliyarsa suna nan, da su za mu gane ko ta 81 yake ko ta 82.

Ummi Yakasai: To Malam bari a kawo wuta, fitilar wayar ba ta nuna rubutun sosai.